Gashin ciwon daji ga yara: yadda ake yinsa a Ingila, da abin da za ku nema a gida

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Tambayar da ta fi yawan iske mu, mu da ke aikin lafiya a Ingila, ita ce: likita ya ce sai an yi wa yaro gashi, a kawo shi waje ne ko a yi a gida? Amsar ba ta tsaya ga injin da ake gani a hoto ba. Injin da ke Manchester da wanda ke Abuja ko Legas sau da yawa kamfanoni ɗaya ne suka ƙera su. Bambancin yana cikin hidimar da ke kewaye da injin, kuma ita nake so in fayyace.

Sunan gashi kansa yana firgita iyaye. Babu wuta, babu zafi lokacin da ake yi. Haske ne dangin na hoton ƙashi, sai dai ƙarfinsa ya ninka nesa ba kusa ba, yana lalata ƙwayoyin ciwon ta yadda ba za su iya hayayyafa ba. Kuma ba kowane ciwon daji na yara ke buƙatarsa ba. Burkitt, wanda ke kumbura muƙamuƙi ko ciki kuma ya yi yawa a ƙasashenmu, kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin daji da ake sa wa a jijiya ko a sha, shi ne maganinsa. Haka mafi yawan ciwon dajin jini. Waɗanda aka fi yi wa gashi su ne ƙari (kumburin daji) a ƙwaƙwalwa, ciwon ƙoda na Wilms idan ya kai mataki na uku, ciwon dajin tsoka, Ewing na ƙashi, da wasu masu Hodgkin, ciwon dajin kaluluwa. Yaron da bai kai shekara 3 ba, ana iya ƙoƙari a kauce wa haska ƙwaƙwalwarsa, domin tana kan ginuwa.

A nan Ingila ba likita ɗaya ke yanke shawara ba. Ana zama mako-mako, likitan daji na yara da likitan gashi da mai tiyata da mai karanta hoto da mai duba tsoka a awon madubi, su amince kan tsari guda. Daga nan a kira yaro ranar awo. Idan kai ko wuya za a haska, ana jiƙa wata roba mai huji-huji a ruwan ɗumi har ta yi laushi, a shimfiɗa a fuskarsa, cikin 'yan mintuna ta daskare da siffarsa. Ita ce za ta riƙe kansa wuri ɗaya kullum. Ga ciki ko ƙirji, katifa ce da ake zuƙe iskar cikinta ta kama jikinsa. A wannan kwanciyar ake ɗaukar hoton CT, a haɗa shi da MRI a kwamfuta, likita ya zana iyakar ciwon yanki-yanki, ya zana ido da kunne da ƙoda da zuciya da ake son karewa. Masanin kimiyyar injin ya yi lissafi, wani daban ya sake dubawa. Wannan shiri kan ci mako ɗaya zuwa biyu, kuma ba ɓata lokaci ba ne. Wurin da aka ce muku yau za a auna gobe a fara haska ƙwaƙwalwar yaro, ku yi tambaya sosai.

Ma'aunin hasken sunansa gire. Ba a bayar da shi gaba ɗaya, ana gutsura shi kullum, Litinin zuwa Juma'a, yawanci gire 1.8 a rana. Mai ciwon ƙoda na Wilms yakan samu gire 14.4 a gefen cikinsa, kwana 8 ke nan. Ƙarin bayan ƙwaƙwalwa da ake kira medulobilastoma ya fi nauyi: a haska dukkan kai da laka gire 23.4 a kwana 13, sannan a ƙara wa gurbin ƙarin har jimilla ta kai 54, kwana 30, wato mako shida. Idan ya bazu, na farkon ya kan kai 36. Akwai wata ƙa'ida da ba a yi wa babba ita: idan hasken zai taɓa gefen ƙashin baya na yaro, sai a haɗa faɗin ƙashin duka, don kada ɓari ɗaya ya girma ɗaya ya tsaya, bayan ya karkace daga baya.

Inda Ingila ta yi mana nisa sosai shi ne batun kwantar da yaro. Hasken kansa mintuna kaɗan ne, amma dole yaro ya kwanta shi kaɗai a ɗaki, ko uwarsa ba ta tsayawa, kuma motsin 'yan milimita na iya kai hasken inda ba a nufa ba. Ƙanana, galibi 'yan ƙasa da shekara 5, ana sa su barci kowace safiya, sau 30 idan kwana 30 ne. Likitan sa barci na yara yana nan, da kayan lura da numfashi a cikin ɗakin. Ana hana abinci da madarar gwangwani awa 6 kafin lokaci, nonon uwa awa 4, ruwa zalla awa 1, don kada amai ya faɗa huhu. Shi ya sa ake ba yara layin farko da sassafe. Sannan akwai ma'aikatan da aikinsu kawai wasa da yara: su nuna wa yaro ƙaramin samfurin injin, su zana masa abin da yake so a kan robar fuskarsa, su yi ta gwaji da shi har ya saba. Da wannan dabarar yara da yawa 'yan shekara 5 ko 6 ke gamawa ba tare da maganin barci ba. Wannan ba ya buƙatar dala, haƙuri da horo yake buƙata, kuma ina ganin shi ne abu na farko da cibiyoyinmu za su iya ɗauka.

Ana yawan tambaya kan furoton, wani nau'in gashi na daban. Hasken da aka saba yana ratsa jiki ya fita ta ɗaya gefen, furoton kuwa yana tsayawa a zurfin da aka saita masa, don haka abin da ke bayan ciwon ya tsira. Wajen haska laka, zuciya da hanji da ƙwan haihuwar yarinya suna samun sauƙi sosai. Hukumar lafiya ta NHS tana da manyan cibiyoyi biyu: asibitin Christie a Manchester tun 2018, da asibitin UCLH a Landan tun 2021. Kafin nan Amurka da Jamus da Suwizalan ake tura yara. Indiya ma tana da ita a Chennai tun 2019. Amma ku ji da kyau: furoton bai fi kashe ciwon ba, illar baya yake ragewa. Yaron da zai jira wata uku ana neman biza da haɗa kuɗi ya fi asara a kan wanda aka fara wa a kan lokaci da linak mai kyau, wato injin hasken da aka saba. Bayan tiyatar medulobilastoma ana son a fara cikin mako huɗu zuwa shida.

Kuɗi kuma, ga mazaunin Ingila kyauta ne, har masauki ake ba iyalin da suka zo furoton daga nesa. Baƙon da ya zo jinya kuwa ana cajinsa kuɗin aikin da ƙarin rabinsa, kuma kafin a fara ake biya.

A gida akwai cibiyoyin gashi a asibitocin koyarwa na Zariya da Sakkwato da Ibadan da Legas, da Asibitin Ƙasa na Abuja, Yamai ma ta buɗe tata a 2021 da tallafin hukumar makamashin nukiliya ta duniya. Babbar matsalar yankinmu ita ce yankewar jinya. Linak yana son wuta tsayayya da ruwan sanyaya shi, kuma idan wani sashe ya ƙone sai an yi odarsa daga waje. Injin kobal, wani nau'in injin gashi, ya fi juriya, amma ƙarfinsa yana raguwa da rabi duk bayan shekara 5 da 'yan watanni, sai kwanciyar yaro ta ƙara tsawo. Duk ranar da aka tsallake, ƙwayoyin da suka rage suna sake yawa. A nan Ingila idan inji ya tsaya, a ranar ake mayar da yaro wani injin, ko a rama ranar Asabar. Don haka kafin ku biya ko sisi ku tambaya: inji nawa ke aiki yau, ina za a tura mu idan ya lalace, akwai mai sa yara barci kullum? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da kashi 80 cikin 100 na yara masu ciwon daji suna warkewa a ƙasashe masu arziki, a ƙasashe matalauta da yawa kuwa ba su kai 30 ba, kuma zuwa a makare da barin magani a tsakiya na cikin manyan dalilai.

Lokacin jinya fatar wurin za ta yi duhu ta bushe daga mako na biyu ko na uku. A wanke da ruwa mai ɗumi-ɗumi da sabulu marar ƙamshi, kada a dirje, kada a goge alamar da aka yi. Ban da man zafi, ban da toka ko garin magani, ban da tsaga ko ƙaho. Hasken ba ya zubar da sumar kai sai idan kai aka haska. Ana awon jini mako-mako, zazzaɓi kuwa a kai asibiti a daren, kada a ce maleriya ce a sayo magani a kemis. Yaron ba ya ɗauke da hasken a jikinsa, ya kwana da 'yan uwansa, ya ci tare da su.

Bayan an gama, a nan Ingila ana bin yaro har ya girma: tsayinsa, jinsa, haƙoransa, karatunsa, da aikin ƙullutun wuya wanda kumburinsa ke kawo maƙoƙo. Wanda aka haska wa kai yakan buƙaci allurar sinadarin girma. Likitan da zai gan shi bayan shekara goma ba zai san me zai nema ba sai da takarda. Ko a ina aka yi, kada ku bar asibitin sai an rubuta muku sunan ciwon da matakinsa, wurin da aka haska, jimillar gire, yawan kwanaki, ranar farawa da ta gamawa, da sunayen magungunan kemo. Ku karɓi hotunan CT da MRI a faifai, ku ɗauki hoton takardun a waya, ku ba wani ɗan uwa kwafi ya ajiye.