Bourne na littafi daban, na fim daban

Fim ɗin The Bourne Identity na 2002 na daɗe da kallonsa, amma littafin da Robert Ludlum ya fitar a 1980 sai bana ya shigo hannuna, a wajen wani mai tsofaffin littattafai a Sabon Gari. Bango a yage, wani ma ya yi lissafin bashinsa a shafin ƙarshe. Shafi ya haura 500, sai mai haƙuri.

Mafarinsu ɗaya: masunta sun tsamo mutum a Bahar Rum da raunin harsashi, ko sunansa bai sani ba, ga lambar asusun wani banki na Zurich an dasa masa a ƙugu. Daga nan kowa ya kama gabansa.

A littafi, Bourne, wato wannan mutumin da aka tsamo, ba makashi ba ne na gaske. Amurka ce ta ƙirƙiro shi, ta riƙa jingina masa kisan da bai yi ba, don a harzuƙa Carlos ya fito daga maɓoya. Shi kuwa Carlos ba ƙage ba ne, ɗan Benezuwela ne da ya addabi Turai, har aka cafke shi a Khartum a 1994. Daɗin littafin ke nan: mutum yana ta tsintar hujjar cewa shi mugu ne, alhali duk shiri ne. Darakta Doug Liman ya cire Carlos ɗungurungum, ya mai da Bourne makashi na haƙiƙa na CIA, hukumar leƙen asirin Amurka, wanda aka tura ya kashe wani hamɓararren shugaban Afirka, Wombosi, ya ga yara a wajen, ya kasa. Adewale Akinnuoye-Agbaje, mai tsatson Najeriya, shi ya hau rawar Wombosi. Kaico, ba a bar shi ya daɗe ba.

Marie, abokiyar tafiyar Bourne, ita ce ta fi ba ni haushi. Ta littafi masaniyar tattalin arziki ce daga Kanada, ita ke warware ƙullin kuɗi da bankuna. Ta fim Bajamushiya ce mai gararamba da 'yar ƙaramar mota, aka ba ta dala 20,000 ta kai shi Paris. An rage mata ƙwaƙwalwa. Sai dai a faɗi gaskiya, a littafin da bakin bindiga ya sace ta, daga baya wai soyayya ta ƙullu. Wannan kam bai kwanta mini ba.

Wajen gudu da faɗa, fim ya yi wa littafi fintinkau. Inda Matt Damon, wanda ya fito a matsayin Bourne, ya tari mai wuƙa da biro kawai, sai da ƙanina ya ce, "Yaya, maido baya mu sake gani." Ludlum kuwa akwai maimaici, magana ɗaya sai ya juya ta har ka gaji. Wanda ya ga fim tukuna, ya daure ya wuce babin Zurich. Can makircin yake soma kamawa.