Fankar saman kwano da iska ke juyawa, ga yadda na same ta

Masu tambayata kan wannan fankar alminiyam da ake ɗorawa a saman rufi, mai siffar kan albasa, amsata ita ce tana aiki wallahi, amma kar wani ya saya da tunanin esi ya samu. Ba ta sanyaya iska, zuƙe ta take yi ta fitar waje.

A shagon ɗinkinmu muka saka ta, rufin kwano ne ba silin, kuma kowa ya san Kano a Afrilu da Mayu, zafi na wuce digiri 40, kwanon nan ya gasu tun hantsi, ga dutsen guga na gawayi a lungu, ga numfashin yara masu koyon aiki, kafin azahar kai ya yi nauyi ido na yaji. Iska mai zafi sama take tashi, to da ta je sama sai ta tarar da mafita, kuma ko ɗan kaɗawa iskar waje ta yi fukafukan sun kama juyi suna jan ta ciki. Hayaƙin gawayin da a da yake tsayawa ƙarƙashin kwano kamar ba zai tafi ba, yanzu kana kallonsa yana bin hanyar ramin yana ficewa, yadin mutane ma ya daina ɗaukar wari.

Abin da ya fi burge ni ba ta shan wuta ko kaɗan. Babu waya babu makunni, a kawo nepa a ɗauke duk ɗaya ne a wurinta. Tun da aka kai kuɗin wutar Band A, wato rukunin masu samun wuta mafi yawan awanni, naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024 duk abin da zai rage mana kunna fanka uku yini guda abin so ne.

Sharaɗinta ɗaya fa, sai an bar mata inda sabuwar iska za ta shigo ta ƙasa, taga ko ƙofa ko bulo mai huji. In ka toshe ko'ina juyin banza take yi. Magina na da sun san wannan, shi ya sa za ka ga ɗakin ƙasa da 'yar taga can sama kusa da azara.

Inda ta gaza kuwa, ranar da gari ya tsaya cik ba iska, juyinta a hankali ne, sauƙin kaɗan ne. Lokacin hunturu ƙura na shiga boris ɗinta ta fara ƙara, sai an hau an goge. Kuma a samu kafinta na kirki ya liƙe gindinta da silikon sosai, in ba haka ba ruwan Agusta zai same ka a kan keke.

Don Allah kar a ce tunda akwai ta sai a shigo da janareta ciki. Gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutane cikin barci, wannan fankar ba za ta hana ba. Waje ne wurinsa, nesa da taga.

Shago, sito, gidan kaji, gidan burodi, ajin islamiyya mai kwano tsirara, su ta fi yi wa amfani. Mai ɗaki da silin kuma zafin da ke tsakanin silin da kwano kawai za ta kwashe, sai dai a yanka mata ƙofar iska a jikin silin ɗin a sa raga saboda sauro.