Na ɗora wa tsohuwar wayata Android 13, manhajar banki ta ƙi buɗewa

Duk wanda yake riƙe da wayar da kamfaninta ya daina aiko mata da sabuntawa, kuma ya ji masu gyara suna cewa za su iya ɗora mata Android na zamani, ya kamata ya san cewa aikin yana yiwuwa, wayar kuma tana iya dawowa da saurin da ba ta taɓa yi ba, amma akwai manhajojin da za su iya daina amincewa da ita, kuma ta banki ce a kan gaba. An yi wa tawa wannan aiki a kasuwar waya ta nan Katsina, kuma da a makonnin farko na rubuta wannan sharhi, da yabo kawai za a karanta.

Wayar ƙirar 2019 ce, mai RAM 3GB da ma'aji 32GB. Ta zo da Android 9, bayan wani lokaci kamfanin ya aiko da Android 10, daga nan kuma ya yi shiru, har gyare-gyaren tsaro da yake aikowa jefi-jefi suka tsaya. Google yana fitar da sabon Android kowace shekara, na 11 a 2020, na 12 a 2021, na 13 a 2022, na 14 a 2023, amma babu wanda yake isowa wayar mutum sai kamfanin da ya ƙera ta ya daidaita shi da kayan cikinta ya turo, kuma irin wayoyin da akasarinmu muke iya saya sau ɗaya ko sau biyu ake yi musu wannan alfarma. Alkawarin sabuntawa na shekara 7 da Google ya yi wa Pixel 8 a 2023, Samsung kuma ya yi wa Galaxy S24 a 2024, na masu hali ne. Tun da aka saki darajar naira a Yunin 2023 kowa ya san inda farashin sabuwar waya ya kai, don haka malamin makaranta irina da wayarsa ba ta fashe ba, batirinta kuma yana kai shi la'asar, ba ya tunanin canji sai dole.

Matashin da ya yi mini aikin ya iya hannunsa, wannan ba zan hana shi ba. Ya bayyana mini cewa akwai makullin da kamfani yake sa wa waya don kada a ɗora mata babbar manhajar da ba tasa ba, wanda su masu gyara suke kira butloda, kuma buɗe shi yana share duk abin da ke cikin wayar. Ya kwashe hotunana da lambobin mutane zuwa kwamfutarsa, ya buɗe makullin, ya yi mata filashin, wato ya ɗora mata sabuwar babbar manhaja, kafin azahar ta tashi da Android 13. A gabana ya sauke manhajar bankina, na shiga asusuna lafiya lau, har da ita na tura masa ladan aikinsa. Ina so mai karatu ya riƙe wannan, domin da shi ya kare kansa daga baya.

Gaskiya wayar ta ba ni mamaki. Tarkacen manhajojin da kamfani ya cusa mata, waɗanda ba sa goguwa kuma ba sa barin mutum ya huta da talla, duk sun tafi, wurin ajiya ya buɗe, WhatsApp da yake ɗaukar lokaci kafin ya nuna saƙo ya koma buɗewa nan take. Batirin ya sha caji da yawa a kwanakin farko, sannan ya daidaita har ya fi da. Abin da ya fi burge ni shi ne ɗigon kore da yake bayyana a saman fuskar waya duk lokacin da wata manhaja ta kunna kyamara ko makirfo, wanda ya fara zuwa a Android 12, da kuma yadda Android 13 yake tilasta wa kowace manhaja ta nemi izini kafin ta fara damun mutum da sanarwa. Na nuna wa abokan aiki a ɗakin malamai, har biyu daga cikinsu suka karɓi kwatancen shagon, abin da yanzu yake damuna fiye da kuɗin da na biya.

Abin ya faru ne da kaka, a kasuwar Mashi, inda nake zuwa sayen gero da masarar da gida zai ci shekara. Na zagaya, na duba hatsi, muka daidaita da wani dattijo a kan buhunan da nake bukata bayan doguwar tayayya, aka auna, aka ɗinke bakin buhuna, 'yan dako suka kai su bakin titi inda mai motar da zai dawo da ni Katsina yake jira. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 na saba da biyan irin wannan kuɗi ta taransifa, shi ma dattijon yana da lambar asusun ɗansa a rubuce a jikin wani kwali. Na buɗe manhajar banki, sai ta nuna wani gajeren saƙo cewa ba za ta yi aiki a wannan waya ba saboda dalilan tsaro, ta rufe kanta. Na ɗauka matsalar sabis ce, na matsa gefe, na kashe wayar na kunna, na canza layi, saƙon bai canza ba. Katina na cirar kuɗi ya ƙare wa'adi ina jiran sabo, saboda haka masu POS da ke jere a bakin kasuwa ba su da abin da za su yi mini. Na gwada lambar USSD, ta amsa, sai dai iyakar da aka sa wa wannan hanya a rana ba ta kai kuɗin hatsin ba.

Dattijon bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da abin ya fi mini sauƙi. Ya dubi buhunan da ke bakin titi, ya dube ni, ya ce, "Malam, idan kuɗin ba su kusa, a dawo da kayan, akwai mai so." Na ce, "Baba, kuɗi suna nan, waya ce ta ƙi." Yaran da ke taya shi awo suka yi murmushi irin na waɗanda suka sha jin wannan magana daga bakin mutane iri-iri. Mai mota yana ta danna oda, 'yan dako suna jiran nasu, ni kuma ina tsaye da waya a hannu mai sheƙi da sabuwar manhaja wadda ba za ta iya fitar mini da naira ɗaya ta hanyar da na saba ba. A ƙarshe na tura abin da USSD ya yarda, na kira ƙanena a Kofar Kaura ya cika sauran daga asusunsa, muka jira har alat ya shigo wayar ɗan dattijon. Hatsi ya zo gida, amma mutumin da na shekara ina ciniki da shi ya yi mini kallon wanda ya taya kaya ba da kuɗi ba, kuma wannan kallo ban san yadda zan saka shi a lissafin ribar Android 13 ba.

A reshen bankin aka yi mini bayani a taƙaice, cewa manhajar ta sabunta kanta, sabuwar kuma tana bincikar lafiyar waya kafin ta buɗe, duk wayar da aka taɓa babbar manhajarta ba ta wucewa. Daga baya na fahimci yadda abin yake aiki. Google yana da tsarin da ake kira Play Integrity, wanda ya maye gurbin SafetyNet, kuma kowace manhaja tana iya tambayarsa ko wayar da take kai tana ɗauke da babbar manhajar da aka tantance, ko makullinta yana rufe. Idan amsar ta zo a'a, mai manhajar ne yake zaɓar ya bari ko ya hana. Ban ga laifin banki a nan ba, domin wayar da makullinta yake buɗe tana ba duk wanda ta faɗa hannunsa damar ɗora mata abin da ya ga dama, kuma a ƙasar da ake kwashe wa mutane kuɗi ta wayar da aka sace, na fi son bankin da yake da tsauri.

Wanda nake ganin laifinsa shi ne mai gyaran. Da na koma, amsarsa ta farko ita ce, "Ai Malam a gabanka ta buɗe, har ka turo mini kuɗi da ita." Wannan gaskiya ne. Amma da na matsa, sai ya ce yawancin manhajojin kuɗi haka suke yi yanzu, wata ta yi aiki yau gobe ta ƙi. Ke nan ya sani tun ranar da ya karɓi wayata, ya yi mini bayanin sharewa dalla-dalla, ya yi shiru a kan abin da ya san zai iya hana ni yarda da aikin. A wannan zama ne kuma na ji cewa abin da ya ɗora mini ba ma fitaccen ba ne. Akwai wani nau'in Android mai suna LineageOS, wanda masu sa kai suke kula da shi tun ƙarshen 2016 bayan rushewar magabacinsa CyanogenMod, yana da jerin wayoyin da yake tallafawa kuma yana aika musu sabuntawa a kai a kai. Tawa ba ta cikin jerin. Abin da ke cikinta wani ne can ya haɗa ya saki a intanet, kuma ba ya aiko da komai. Na shiga saitin wayar na duba ranar gyaran tsaro na ƙarshe, na tarar ta tsaya cak a inda take ranar da aka yi filashin. Matsalar da ta sa na kai wayar tun farko tana nan yadda take, lambar Android ce kawai ta ƙaru.

Daga nan ne sauran abubuwan da na yi ta kau da kai a kansu suka fara dawo mini. Kyamarar ta ragu, musamman da dare, domin manhajar da kamfani ya tsara don gyara hoto ta tafi tare da tsohon tsarin, hoton da na ɗauka a wurin wani ɗaurin aure bayan magariba ya fito kamar an watsa masa yashi. Rediyon FM ya ɓace gaba ɗaya, ni kuwa da shi nake sauraron Companion FM da safe ba tare da na ƙona data ba. Saƙonnin WhatsApp da mai gyaran ya ce ya adana duka, waɗanda suka dawo sun tsaya ne a wasu watanni baya, takardun da aka turo a zauren malamai a tsakanin nan sai da na bi mutane ina roƙo a sake turo mini. Manhajar kiran salla ma ta yi shiru, amma wannan ƙaramin abu ne, izinin sanarwa ne ba a ba ta ba, da na ba ta ta ci gaba.

Mai gyaran ya ce yana da maganin matsalar bankin. Akwai wata manhaja mai suna Magisk da ake amfani da ita a ɓoye wa sauran manhajoji cewa an buɗe waya, zai sa mini kyauta, banki ba zai gane ba. Na ƙi. Ita wannan hanya sai an ƙara buɗe wayar har can cikin tushenta, sannan ɓoyon ba ya ɗorewa, duk lokacin da aka ƙarfafa binciken sai an sake sabuwar dabara, wato in riƙa zaman jiran ranar da za ta sake kunyata ni a wata kasuwar. Ban kuma ga hikimar in yaudari tsarin da aka kafa don ya tsare albashina ba.

Duk da haka, idan na ɗauki wayar da dare ina karatu ko ina shirya darasi, na kan ji ba na son rabuwa da wannan sauri, kuma na san idan ta koma Android 10 tallace-tallace da nauyin nan za su dawo. Wanda yake da tsohuwar waya a ajiye, wadda ba asusu a kanta, yana so yara su yi karatu da ita ko ya riƙa sauraron karatu da wa'azi, wannan aiki zai amfane shi, musamman idan wayar tana cikin jerin da ake tallafawa. Abokan aikina biyu kuwa na same su na janye shawarar da na ba su, domin dukkansu da waya ɗaya suke karɓar albashi su biya kuɗin makarantar yara. Ɗaya ya riga ya kai tasa, sai da ya koma ya karɓo ta kafin a taɓa.

Yanzu magana ta tsaya a kan mayar da wayar yadda take. Hakan yana bukatar a samo ainihin manhajar kamfani wadda ta dace da lambar ƙirar wayar daidai, domin ɗora wadda ba ta dace ba yana iya kashe ta gaba ɗaya, sannan a sake share komai, a rufe makullin. Na bar masa lambar ƙirar ya nema. Ya ce idan ya samu, aikin mayarwa aiki ne daban kuma kuɗinsa daban, ni kuma na gaya masa cewa ba zan biya sau biyu ba a kan abin da jimla ɗaya daga bakinsa za ta hana faruwa, kuma a kan wannan muke har yau.