Sauya kan filogi kaɗai, ko sauya wayar gaba ɗaya?

Idan kan filogin dutsen guga ya fashe ko ya yi baƙi, hanya biyu ce a gabanka.

Sauya kan filogin shi ne mai arha, kuma sukundireba da wuƙa sun ishe ka. A Najeriya filogi mai ƙafa uku irin na Ingila ake amfani da shi. Ka zare na'urar daga soket tukuna. In ka buɗe murfin, waya mai ruwan ƙasa ita ce mai wuta, tana zuwa dama inda fiyus yake. Shuɗiya ta tafi hagu, mai kore da rawaya kuma ta tafi doguwar ƙafar sama. Ka ɗan bar wa wannan ta ƙarshen tsawo, don in an fizgi wayar ta zama ta ƙarshe da za ta fita. Ka ɗaure kusoshin sosai, domin sassaucinsu ne ke jawo zafi har roba ta narke. Fiyus ma a duba shi: amfiya 13 (ma'aunin wutar da fiyus ke iya ɗauka) ga dutsen guga da butar lantarki, amfiya 3 ga fitila. Masu naɗa zaren waya a gurbin fiyus, wallahi gobara suke kira.

Amma in rigar wayar ta tsage a tsakiya, ko ta yi tauri saboda zafi, sabon kai ba zai gyara komai ba. Nan sai sabuwar waya. Ta kwamfuta zarewa kawai ake yi a sa wata. Ta firji kuwa cikin injin take shiga, sai a kira mai gyara.