Kilas biyu masu kiran juna: Java daban, C++ daban

Salam 'yan uwa. Ƙanena da ya turo tambaya daren jiya, ga amsarka. Ka ce kana da kilas (class) biyu a shirinka na Java, Dalibi da Malami, kowanne yana ambaton ɗayan, duka ka sa musu package makaranta a sama (wato suna fakej ɗaya, rukunin kilas mai suna makaranta), in ka buga javac Dalibi.java sai kompaila, wato javac, manhajar da ke fassara rubutun shirinka zuwa abin da kwamfuta za ta gudanar, ta ce cannot find symbol, kuma wani abokinka a KASU (Jami'ar Jihar Kaduna) ya ce dole ka raba su don haka ake yi a C++.

Maganar abokinka ta C++ ce, ba ta Java ba, kar ka wargaza aikinka a banza.

A Java kiran juna ba laifi ba ne sam. javac tana tattara sunayen duk kilas ɗin da aka ba ta kafin ta shiga duba cikinsu, don haka Dalibi ya kira Malami, Malami ya kira Dalibi, ko a jikinta. Abin da ya kama ka shi ne inda kake tsaye lokacin da ka buga umarnin. Na tabbata kana cikin foldar makaranta ne, ita kuma javac da ta ga package makaranta sai ta tafi neman makaranta/Malami.java daga inda kake, kamar mutum yana tsakiyar Unguwar Rimi yana tambayar hanyar Unguwar Rimi. Koma folda ɗaya baya ka buga javac -d out makaranta/*.java, sannan java -cp out makaranta.Main in sunan kilas ɗin da ke da main kenan. Tunda fakej ɗinsu ɗaya ba ka ma buƙatar import. In fakej daban-daban ne to nan za ka sa import, kuma kilas ɗin sai ya zama public, kuma ka lura, kilas ɗin da ba shi da fakej kwata-kwata ba a iya import ɗinsa daga cikin fakej mai suna, wannan yana cinye wa mutane dare guda wallahi.

C++ kuwa kiran junan shi ne ainihin ciwon. #include kwafe fayil kawai yake yi ya manna, kompaila kuma daga sama take karantowa zuwa ƙasa, in Dalibi.h ya jawo Malami.h shi ma ya jawo Dalibi.h, dole ɗaya ya riga ɗaya zuwa, sai g++, kompailar C++, ta ce does not name a type. Maganin shi ne ka rubuta class Malami; a saman Dalibi.h, wato alkawari ne cewa kilas ɗin yana nan tafe, ka yi amfani da Malami* ko Malami& (nuni zuwa ga Malami kawai, ba shi kansa ba), ainihin #include ɗin ka kai shi fayil ɗin .cpp. Ba zai yiwu kowanne ya ɗauke ɗayan ɗungurungum a cikinsa ba don girmansu ba zai taɓa lissaftuwa ba. Java ba ta da wannan damuwar saboda abin da kilas ke riƙewa dama nuni ne kawai.

Inda su biyun suka haɗu shi ne bayan kompaila ta wuce: in constructor na Dalibi (sashen da ke gudana duk lokacin da aka ƙirƙiri sabon Dalibi) yana yin new Malami, na Malami ma yana yin new Dalibi, za su yi ta haifar juna har Java ta jefo StackOverflowError, C++ kuma shirin ya faɗi kawai. Ƙirƙiri ɗaya tukuna, ka miƙa shi ga ɗayan.

Ni dai ra'ayina, tsakanin kilas biyu na fakej ɗaya ka bar su, amma fakej biyu masu jan juna ka gyara tun yanzu ko da javac ta yi shiru, don tsarin module (tarin fakej a dunƙule ɗaya) da ya zo da Java 9 a 2017 ba ya yarda module biyu su dogara da juna, kompailar yaren Go ma ƙi take da import cycle not allowed. In ka gwada bai tafi ba turo hoton foldarka da layin farko na kowane fayil mu duba tare.