Nankarwa da sakin fata bayan rage ƙiba: sharhina kan aikin ƙananan allurai

Duk wanda ya ba ni shawarar rage ƙiba ya yi min maganar gwiwa, hawan jini da numfashi, kuma duk na ga sauƙinsu. Ba wanda ya ce min uffan game da fata. Na sauke sama da kilo 20 bayan likita ya ce sukarina na neman haura iyaka, sai ciki ya sauko ya yi ninki, damatsa suna reto, nankarwa kuma ta fito ɓaro-ɓaro a ƙugu, cinyoyi da gefen ciki. Na biya kuɗi an yi min aiki a wani asibitin fata a nan Kano, kuma tunda ƙawaye sun dame ni da tambaya, bari na faɗa sau ɗaya kowa ta huta.

Kafin asibiti na bi hanyar da kowa ke bi: man kaɗanya, man koko, da wani mai cikin ƙaramar kwalba da ake yawan tallarsa a Instagram da hoton "da" da "yanzu". Man kaɗanya ya yi min rana wajen ƙaiƙayi da bushewar fata lokacin hunturu, har gobe ina shafawa. Amma layi ko ɗaya bai goge ba, na kwalbar ma haka, duk da tsadarsa. Dalili kuwa shi ne nankarwa tabo ce. Idan fata ta miƙe da sauri, zaruruwan kolajin da ilastin da ke can cikin fata sukan tsinke, mai kuwa a sama yake tsayawa.

Tambayar farko da likitar ta yi min ta ba ni mamaki. "Hajiya, wane mai kike shafawa? Akwai na haɗi a ciki?" Ta ce da yawa daga masu zuwar mata da nankarwa ba ƙiba ko ciki ne ya jawo musu ba, man bilicin ne mai siteroyid irin su kilobitasol, wanda ke sirantar da fata har ta tsage. Irin wannan takan fito da faɗi a hammata, ƙirji da cinya, kuma idan ba a daina man ba, duk wani magani asarar kuɗi ne. Na ji daɗin da ta fara da wannan maimakon ta miƙo min takardar farashi.

Daga nan ta raba min nankarwar gida biyu. Akwai sababbi, waɗanda a fatarmu suke fitowa da duhu-duhu ko ja-ja, wani lokaci da ƙaiƙayi. Akwai tsofaffi da suka koɗe suka yi fari-fari da ƙyalli, suka lotsa kaɗan. Sababbin su ne masu jin magani. Ta rubuta min man tiretinoyin in riƙa shafawa da dare, ɗan kaɗan, kuma ba kowane dare ba da farko. Ta nanata cewa mai juna biyu, ko mai neman ciki, ko mai shayarwa ba ta taɓa shi. Man nan ba wasa ba ne. Makonnin farko fatar ta riƙa ɓarewa tana zafi, ga hunturu ya kankama, sai da na riƙa ɗora man kaɗanya a kai kafin na iya jurewa. Amma layukan cinya, waɗanda su ne sababbi, sun rage duhu da faɗi sosai. A kan tsofaffin kuwa ban ga wani abin kirki ba.

Su ne aka yi wa aikin ƙananan allurai, wanda a asibitin suke kira maikironidilin. Na'urar kamar biro take, a bakinta akwai allurai sirara da ke shiga da fita da sauri. Suna yin ƙananan raunuka ne da gangan, don jiki ya ƙera sabon kolajin wajen warkewa. Sai a shafa man kashe zafi a rufe da leda, ki zauna ki jira ya kama. Bayan haka a gefen ciki ban ji komai ba sai girgiza, amma da ta zo kan ƙashin ƙugu sai da na damƙe gefen gado. Jini yana fitowa ɗigo-ɗigo, wurin ya kumbura ya yi zafi, kwana biyu ko uku bakin siket yana gugata. Tsakanin zama da zama ana barin wata guda zuwa mako shida.

Na tambayi likitar batun leza, wato aikin da ake yi wa fata da haske mai ƙarfi, tunda ita na fi ji a bakin mutane. Ta ce a baƙar fata wasu nau'o'in leza kan bar baƙin tabo da ya fi nankarwar muni, allurar kuwa haɗarinta ta wannan fuskar ya fi sauƙi. Ta kuma duba kunnena da tsofaffin tabona, domin mai jikin da tabo ke kumbura ya yi tudu bai kamata a yi mata wannan aikin ba.

Sakamako fa? Bayan zaman farko da na biyu ban ga komai ba, har na fara tunanin an ci kuɗina. Sai daga baya na lura idan na shafa hannu lotsawar ta ragu, launin kuma ya matso kusa da na sauran jiki. A cikin ɗaki sai an ƙura ido. A hasken rana kuwa suna nan daram, ba wanda zai ce babu. Wanda ya ce miki za su ɓace gaba ɗaya, kuɗinki yake so.

Abin da bai yi min daɗi ba a wurin shi ne jira, ko da kin zo a kan lokacinki, da kuma ma'aikaciyar gaba da ke ta cusa min wani ruwan shafawa mai tsada wanda likitar ma ba ta rubuta ba. Kuɗin kowane zama kuma ba na wasa ba ne ga mai albashi. Abin yabo, a gabana ake buɗe sabon bakin allura kowane lokaci. Ki tsaya a kan wannan ko ina kika je, domin allura mai fitar da jini ba a yin tarayya da ita. Masu sayen abin murzawa mai allurai su yi wa kansu a gida, ko a shagon kwalliya, ni dai ba na ba da wannan shawarar.

Sakin fata kuma wani babi ne daban, kuma a nan aikin bai tsinana min komai ba. Likitar ba ta ɓoye ba tun farko. Fata takan ɗan koma da kanta cikin shekara ɗaya zuwa biyu, gwargwadon shekarun mutum da daɗewar da ya yi da ƙibar. Damatsana sun ɗan cika bayan na fara ɗaga ƙarfe marar nauyi ina kuma ƙara wake, ƙwai da kifi a abinci, amma tsoka ce ta cike gurbin, ba fatar ce ta tsuke ba. Ninkin ciki yana nan. Bel ɗin ɗaure ciki yana sa ɗinki ya zauna ranar biki, da kin cire komai ya dawo, ga shi a zafin Afrilu yana tara gumi. Ƙarƙashin ninkin nan ya sha yi min ja da ƙaiƙayi, sai da na koyi busar da wurin tas bayan wanka da sa kamfai na auduga.

Abin da ke cire ninkin shi ne tiyata. Ana yanke fatar da ke ƙasan cibiya, nankarwar wurin ta tafi tare da ita, a bar tabo dogo daga ƙugu zuwa ƙugu. Ana son nauyin mutum ya tsaya wuri ɗaya na aƙalla wata shida, kuma mace ta gama haihuwa, don sabon ciki zai sake miƙe fatar. Ni da maigida ba mu rufe wannan maganar ba tukuna, saboda haka na dakatar da allurar ciki, na bar ta ƙugu kawai, tunda ba hikima ba ce na ci gaba da kashe kuɗi a kan fatar da wata rana za a iya yankewa.