Ko ruwa ba ta ba ni ba, amma an gyara bangon

Jama'ar gida, ina gaisuwa. Masu tambaya ko sanyi ya kashe ni, ina nan da raina. Abin da ya sa na ɗauki waya yau wata kunya ce da na kwasa a bakin wata ƙofa, ni da babbar rigata, wadda har yanzu in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Gidan da muke haya a nan gefen Mancesta, tun shigowar hunturun bara bangon ɗakin yara ya fara tsattsafo. Fumfuna baƙa ƙirin ta taso daga bayan gado har saman taga. A goge yau, jibi ta dawo. Autarmu ta kama tari, da dare ƙirjinta na kuka kamar usur. Na buga wa kamfanin da ke kula da gidan waya ban san iyaka ba. Inji ne zai amsa, danna ɗaya, danna uku, a sa maka kiɗa na minti arba'in, sannan wata mai zaƙin murya ta ba ka haƙuri sau bakwai, ta ba ka lambar ƙorafi. Bature ba ya rowar ban haƙuri. Lamba biyar na tara. Shawarar da suka ba ni ita ce mu riƙa buɗe taga. A watan Janairu! Da kuɗin gas ɗin da muke biya, in ɗumama wa tsuntsaye sararin Allah. Kuma abin ba na wasa ba ne, a 2020 wani yaro ɗan shekara 2 ya rasu a Rochdale, nan kusa da mu, saboda irin wannan fumfunar, har daga baya aka yi doka da sunansa.

Wani abokin aikina ɗan Ghana ya ce in je wurin 'yar majalisar mazaɓarmu. Na ce ni baƙo, ina ruwanta da ni? Ya ce ai ɗan Najeriya mai takardar zama har ƙuri'a gare shi a ƙasar nan, albarkacin ƙungiyar ƙasashe renon Ingila.

Da jin "majalisa" na ce faɗuwa ta zo daidai da zama, ai ni ɗan gida ne. Waɗanda suka san mu sun san Baba, Allah ya jiƙansa, ya wakilci yankinmu a majalisar dokokin tsohuwar Jihar Kano daga 1979 a jam'iyyar PRP mai alamar mabuɗi, tun ba a yi mafarkin Jigawa ba. Na san yadda ake zuwa gun ɗan majalisa: da sassafe, da tufafi na mutunci, kuma ba a zuwa hannu rabbana. Na ciro shaddata da ban sa ba tun Babbar Sallah, na karya hula, na ɗebi dabinon Ringim da wani ya riƙo mini, na zuba a kwali mai kyau. Maiɗakina ta ce, "Malam, da ka fara buga waya." Na ce ke dai tsaya, siyasa gadonmu ce.

Ofishin wani ɗan shago ne tsakanin mai aski da mai sayar da soyayyen kifi. Babu benci, babu 'yan zaman kashe wando, babu maroƙi ko ɗaya. Ƙofa a kulle, sai maɓalli. Na danna. Muryar wani yaro, wanda da ji bai kai ɗana na fari ba, ta fito daga bango. Kafin ya tambayi sunana sai da ya tambayi lambar unguwarmu, don in ba ɗan mazaɓar ba ne ba su da hurumin kula ka. Na faɗa. Ya ce an ba ni lokaci? Na ce a'a, na zo gaisuwa ne, kuma da 'yar magana. Ya yi shiru, da alama kalmar gaisuwa ce ta ɗaure masa kai. Sai ya ce in aiko da imel. Shi ke nan. Ko fuskarsa ban gani ba. Ga yayyafi, ga iska tana ɗaga mini riga kamar tantin 'yan biki, ga mai aski ya leƙo yana kallona, kwalin dabino a hammata.

A tashar bas na zauna, zauren gidanmu ya faɗo mini a rai.

Ƙofar gidan nan ba a rufe ta sai dare ya raba. Kafin a sallame asuba wasu sun shimfiɗa buzu a zaure. Na ƙauyukan Taura a ƙafa ko a jaki, wasu jirgin Nguru ya sauke su a Ringim jiya, sun kwana a hanya. Baba yana Kano tsakiyar mako. Alhamis da la'asar Fijo 504 za ta shigo gari da ƙura, yara na binta suna "Nasara! Nasara!", daga nan har Lahadi mu ba mu da uba. In an koro ka kuɗin littafi, sai ka bi layi bayan mai neman ragon suna, da wanda shanu suka cinye wa gona, da wanda ɗansa ke hannun alƙali, da mai son a sa masa baki ya sami aikin masinja. Ni aikina cika randa biyu na zaure da zagayawa da moɗa, da rabon goro. Ƙwarya biyu Baba ke tahowa da ita daga Kano, goro 200 cif, ba ta ganin Asabar. Kuɗi kuwa canji yake yowa: sulalla da 'yan naira ɗai-ɗai a aljihun gefe, Murtala a aljihun ciki, ita sai an yi rasuwa ko mace ta kasa haihuwa za a kai ta asibiti. Kafin wata ya raba albashi ya ƙare. Gona biyu ya sayar a shekara huɗun nan, mutane kuma na cewa ya yi kuɗi.

Amma wanda bai shiga cikin gida ba bai ga siyasa ba. Iyayenmu mata uku, da Goggo da ta dawo zawarci, da 'yan matan maƙwabta da ake roƙowa. Turmi huɗu ke tashi tun duku-duku. Dawa kwano takwas a dare ɗaya, in ana taro ya fi. Tukunyar tuwon sai mutum biyu ke sauke ta, tuƙin kuma a tsaye ake yinsa, da muciya mai tsawon yaro. Ba a taɓa gaya musu baƙi nawa ba, sai dai yaro ya rugo ya ce, "An ce a ƙaro, mutanen Gujungu sun iso." Akushi ya fita zaure da nama ya dawo wayam, mu mu kankare ƙanzo. Tafin hannun Inna har yau kamar na mai noman kwadago, idonta kuwa hayaƙin shekarun nan ne ya fara cinye shi. Ba wanda ya taɓa yi mata kirari, ba makaɗin da ya taɓa sa sunanta a kalangu.

Da jam'iyya ta dare biyu, Baba ya tsaya Taɓo tare da Malam Aminu Kano, Kawu ya bi Santsi wurin Gwamna Abubakar Rimi. Kawu ya daina taka zaurenmu, in sun haɗu a masallaci kowa ya kalli gabas. Amma kullum magariba 'ya'yansa na nan da langa sun zo karɓar tuwo, kuma ba a taɓa hana su ba. Ranar da Malam ya rasu, a watan Afrilun 1983, ita ce rana ɗaya tak da na ga an kashe wuta a madafinmu da rana tsaka.

Sai ranar Asabar, 31 ga Disamba 1983. Zaure cike, an ci ƙosai, aka ji rediyo ta canza kiɗa, wani soja mai suna Sani Abacha ya yi magana. Wallahi kamar an watsa wa kaji tsakuwa. Wannan ya tuna yana da ban ruwa, wancan ya tuna surukarsa ba lafiya. Kafin azahar saura tsofaffi uku, 'yan NEPU na asali, waɗanda suka sha bulalar 'yan doka tun kafin a haife mu, su ba su san gudu ba. A cikin gida kuwa an riga an ɗora kwano takwas. Kwana uku muna cin ɗumame, har muka gaji aka shanya sauran.

To, na haɗiye girman kai na aika imel ɗin. Aka ba ni ranar Juma'a, bayan mako uku, ƙarfe 10:40, minti goma. Zaman ganin jama'ar nan sunansa ɗaya da ɗakin ganin likita a harshensu, kuma haka yake, layin asibiti ne sak. A wani ɗan ɗaki na laburaren unguwa ake yi. A bakin ƙofa aka duba jakata. Da farko na ji haushi, sai na tuna an kashe musu 'yar majalisa a 2016 tana hanyar irin wannan zama, an kuma kashe wani a 2021 yana tsakiyar yi. Na yi shiru.

Ga ta nan zaune, rigar ruwanta a rataye a bayan kujera tana ɗiga, jakar goyo irin ta 'yan makaranta a ƙasa, kofin takarda a hannu. Mace mai albashin sama da fam 90,000 a shekara, ɗaya daga cikin mutum 650 da ke yi wa ƙasar doka. Kofin nan ita kaɗai ta sha abinta. Na fara gaisuwa yadda aka koya mini, ya aiki, ya iyali, ya muka ji da sanyi. Ta amsa ta farko da murmushi, a ta uku na ga idonta ya tafi kan agogo, na gane cewa daga cikin minti gomana nake ci. Yaron nan mai murya a bango, ashe shi ne a gefenta da kwamfuta. Tambaya uku ta yi: yaushe na fara kai ƙorafi, ina shaida, likita ya rubuta wani abu game da yarinyar? Lambobin nan biyar da nake yi wa kallon banza, su ta karɓa hannu bibbiyu. Ta kalli hotunan bangon, fuskarta ta canza, ta ce wannan bai dace ba, za ta rubuta musu. Ba ta tambayi ɗan wane ne ni ba, ba ta tambayi wa na zaɓa ba.

Na miƙa dabino. Yaron ya yi godiya har da dafa ƙirji, ya ce ba sa karɓar abin ci daga hannun jama'a. Sau biyu ke nan kwalin nan yana komawa gida. A bas na buɗe shi, na ci bakwai don haushi.

Kwana tara sai ga ambulan mai tambarin majalisa, ciki kwafin wasiƙar da ta aika wa kamfanin. Kafin mako biyu, mutanen da suka ce in buɗe taga su suka kira ni da kansu, suna tambaya wace rana ta fi mini sauƙi. Ashe indararo ne ya tsage, ruwa ke bin bango, aikin yini ɗaya. Aka gyara, aka kankare, aka yi fenti, aka sa fanka mai zuƙe danshi. Tarin auta ya lafa. Kada wani ya ce aljanna nake ba ku labari: ɗan Ghanan da ya tura ni, tasa wasiƙar kan takardun matarsa har yau shiru, kuma ganin likita a nan sai ka yi kokawa da waya ƙarfe takwas na safe kamar mai neman taki a sakatariya.

Abin da ke cina shi ne, a shekara huɗun Baba ban tuna mutum ɗaya da ya shigo zaure ya ce ina maganar hanyarmu ba. Kowa da tasa ta aljihu. Abubuwan da suka taɓa rayuwar talaka a lokacin, soke haraji da jangali da Rimi ya yi a 1979, da ajin yaƙi da jahilci, ba daga zaure suka fito ba. Na zaure ciki ya ci. Mu muka cinye wakilinmu ɗanye, muka bar shi da bashi, hanya kuma har yau in damina ta sauka sai an tuɓe takalmi. Na yanzu sun koyi darasi, sun tattara sun koma Dutse da Abuja, katanga ta fi ta gidan yari, ɗan sanda a ƙofa, sai zaɓe ya matso a zo da taliya da atamfa. Ba tuwon Baba, ba wasiƙar Baturiya. Mu ma ba mu fasa ba, zauren ne ya koma cikin waya, sallama ɗaya sai lambar akawun. Har ni da nake wankin tsofaffi a gidan kula da su an mayar da ni onarabul. Wanda ya turo mini saƙo shekaranjiya kan kuɗin gyaran babur ya san kansa.

Duk da haka, shekara uku ke nan ba wanda ya taɓa yi mini sallama a ƙofa ba tare da ya bugo waya ba. Maƙwabcinmu tsoho, in ka cire mai kawo wasiƙa, ban ga wanda ke taka dokin ƙofarsa ba. Wani lokacin in na dawo aikin dare, unguwa tsit kamar maƙabarta, sai in ji zan iya biyan fam ɗari a ba ni hayaniyar zauren nan ta minti goma, da warin goro da na buzu, da tsohon da ke kirana "ɗan mai mabuɗi, kawo ruwa."

Ranar Lahadi na kira Inna na ba ta labari. Ita har yau ba ta faɗin sunana, ɗan fari ne.

"Kai wannan, mace ce 'yar majalisar?"

Na ce mace ce, Inna.

"To wa ke dafa wa baƙinta?"

Na ce ba ta da baƙi. Minti goma-goma take ba mutane, ko ruwa babu.

Ta yi shiru har na zaci layi ne ya yanke. Can ta ce, "Allah sarki." Ban gane ba ko tausayinta ta ji ko kuwa wani abin ne daban. Sai ta ce in mai zuwa ya samu in aiko mata da man shafawar nan na gwiwa, na bara ya ƙare. Na ce to, ita ma ta sa a daka mini kuka da daddawa, na kantin nan ba su da ƙamshi.